Batirin Jirgin Rimot Ba Shi da Ƙanzo

Mu 'yan Yola da Jimeta an raine mu a kan cewa barin saura almubazzaranci ne. Ni ma a wannan makarantar na yi karatu, kuma ban ga aibinta a gindin tukunyar tuwo ba, inda wasu suka fi son ƙanzo a kan malmala. Amma duk wanda ya kai wannan tarbiyya wajen ƙaramin jirgi mai saukar ungulu da ake tuƙawa da rimot, to ya tanadi dogon tsani da kalaman ba maƙwabta haƙuri. Batirin da ke cikinsa, wanda 'yan harkar ke kira LiPo, ba a shanye shi tas. Kashi 80 cikin 100 ne rabon mai jirgi, ragowar 20 na batirin ne.

Lissafin ba ya buƙatar digiri daga Jami'ar Modibbo Adama. Kowane ɗaki na batirin yana kai bolt 4.2 idan ya cika, yawancin aikinsa a wajen 3.7 yake yi, 3.0 kuwa ita ce iyakar da ba a ƙetarawa. Mai ɗaki uku ke nan yana tashi da 12.6, ya shiga haɗari a 9.0. Idan an rubuta 2200 mAh a jikinsa, 1760 ne naka. Muguntar abin ita ce ƙarfinsa ba ya raguwa sannu a hankali balle mutum ya farga. Yana riƙe da kansa lafiya lau har wajen 3.5, daga nan sai ya sulale gaba ɗaya. Shi ya sa wasan da muke yi da la'asar sakaliya a fili, ko a bakin tafkin Geriyo, kusan kullum ƙarshensa iri ɗaya ne. Yara sun yi da'ira, mai rimot ya karkata hula, sai ƙaninsa ya ja masa riga: "Yaya, fitilar ta fara ƙyafta ja fa." Shi kuwa ko waiwaye: "Kai, rufe min baki, zagaye ɗaya ya rage." Wannan zagayen ne ke ƙarewa a ƙololuwar darbejiya, ko a kan kwanon gidan wani dattijo da ya ɗan kishingiɗa. Wanda ya yi gigin nuna bajinta kusa da gadar Jimeta kuwa, sai dai ya bar wa masuntan Binuwai sallahu. Jirgi mai fukafukai yana iya lulawa ya sauko ko injinsa ya mutu, amma wannan da zarar farfela ta yi sanyi a hannun ɗan koyo, ƙasa ce kawai ke jiransa.

Za a ce mini, ai kuɗin batiri sukutum na biya, a kan me zan bar kashi ɗaya cikin biyar? Tambaya ce ta mai hankali, sai dai sinadarai ba sa ciniki. Yawan tatsar batirin yana lalata ruwan da ke cikinsa, ya haifar da iska, shi ya sa ake wayar gari a ga ya yi ciki. Idan ɗaki ya zurma ƙasa sosai, siririn jan ƙarfen da ke ciki yakan fara narkewa, in aka sake caji ya daskare da tsini, wanda ke iya huda shamakin da ya raba ɓangarorin biyu. Daga nan sai hayaƙi da wuta. Caja mai kyau takan ƙi karɓar irin wannan batiri, amma ba a rasa wani gwani a majalisa da zai koya maka yadda za ka yaudare ta, ka ce mata wani nau'in batiri ne. Gwanin nan ba a ɗakinka yake kwana ba. Batirin da aka lallaɓa ana sa ran ya ɗauki caji ɗari biyu ko fiye, wanda ake tatsa kuwa tun bai tsufa ba zai koma abin tokare ƙofa, kuma ko wannan aikin ban yarda a ba shi ba.

Wani kuma zai ɗaga wayarsa ya ce kullum sai ta kai sifili, ga ta nan daram. Gaskiya ne, amma sifilin waya ƙarya ce mai amfani: akwai mai gadi a cikinta da ke kashe ta tun da sauran wuta. Batirin jirgi yawanci tsirara yake zuwa, don a rage nauyi kuma a bar wuta ta kwarara. Mai 2200 mAh da aka rubuta wa 25C yana iya sakin amfiya 55. Na'urar da ke sarrafa injin takan rage wuta idan ƙarfi ya yi ƙasa, sai dai jimillar ɗakunan take dubawa, don haka rago ɗaya a cikinsu na iya nutsewa ba ta sani ba. Kuma lokacin da take yanke hukuncin, jirgin yana sama.

Hujjar da na fi tausaya wa ita ce ta wutar lantarki. Idan aka kawo ta da tsakar dare, wa zai ce kada a cika komai, har da tocilan ɗin kaka? To amma LiPo ba ya son zama a cike, haka ma a wofi. A wajen 3.8 kowane ɗaki ake ajiye shi in zai kwana biyu. A garin da zafin Maris da Afrilu ke wuce digiri 40, barin cikakken batiri a mota rufe a bakin kasuwar Jimeta neman fitina ne da kuɗinka.

Saboda haka, malam mai jirgi, ka saita agogon rimot, in ya yi ƙara ka sauko ko da sirikinka ne ke kallo. Bar batirin ya huce, ka auna: 3.7 zuwa 3.8 ake so a gani a kowane ɗaki. Idan caja ta mayar da fiye da kashi 80, rage mintunan tashi. Wanda ya riga ya kumbura kuwa kada ka huda shi, kada ka sake jona shi, ka sa shi cikin bokitin yashi a tsakar gida, nesa da yara da jarkar fetur.