Zuwa ga Masu Wayar da Na Saya da Kuɗina

Zuwa ga Samsung, Motorola, ZTE da sauran manyan gidajen ƙera waya,



Na ɗauki alƙalami ne don in nemi bayani a kan matsayina, domin labarin abin da kuka yi a ƙasar Meziko a shekarar 2023 ya iso mana, kuma ya bar ni da tambaya. A can kuka fara aika wa mutane saƙo a fuskar wayoyinsu, cewa wayar da ke hannunsu ba ta shigo ƙasar ta hannun dilolinku ba, ba ta da shaidar cika ƙa'idojin gwamnati, ba ta da garanti. A watan Oktoba kuwa Samsung ya wuce gargaɗi, ya soma kulle wayoyin daga nesa. Mutum yana zaune da wayarsa sai ta ƙi shi, alhali ba ta faɗa ruwa ba, ba ta faɗi ƙasa ba. Wani ma'aikaci ne a ofis mai sanyi ya duba lambar IMEI ɗinta ya yanke mata hukunci.

Wayoyin nan ba na sata ba ne, ba kuma jabu ba ne. Ku kuka ƙera su, sunanku ne a bayansu, kuma kun karɓi kuɗinsu cif tun ranar da suka bar masana'anta. Laifinsu ɗaya: wani ɗan kasuwa ya sayo su a ƙasar da kuka sa musu farashi mai sauƙi, ya kawo su ƙasar da kuka tsawwala, ya sayar a Mercado Libre ko Amazon da 'yar riba. Mu dai a wajenmu wannan fatauci ne, kuma kakanninmu sun yi shi da goro da gishiri ba wanda ya kira su masu laifi.

Abin da ya fi burge ni shi ne tausayinku. Bayan Samsung ya kulle wa mutum waya, sai ya miƙa masa takardar rangwamen kashi 30 cikin ɗari, don ya je ya sayi wata sabuwa, a wajen Samsung. Wallahi duk wanda ya kawo wannan shawarar a taron ya cancanci ƙarin girma.

Kada ku ce ban yi muku adalci ba. Na san wannan makullin ya taɓa yin amfani. A 2016, lokacin da batirin Galaxy Note 7 ke kamawa da wuta, ku Samsung kun tura sabuntawar da ta hana wayar yin caji, kuma babu mai hankalin da ya yi kuka. A 2021, da aka wawushe rumbun ajiyar kayan Samsung a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, kun ce duk talabijin ɗin da aka sata zai mutu da zarar an haɗa shi da intanet. Madalla, ɓarawo ya ji a jikinsa. Ko masu ba da waya bashi a nan wajenmu suna kulle ta idan mutum ya yi jinkirin biya, amma shi ya san da sharaɗin, ya sa hannu, kuma bai gama biya ba. Mutumin Meziko fa? Ya biya duka, yana da rasit, batirinsa bai ƙona kowa ba. Idan akwai rigimar haraji ko ta takardu, tsakanin mai shigo da kaya ne da hukuma, kuma ƙasar tana da kwastan da kotu. Wa ya naɗa ku alƙalai?

Ashe ba ni kaɗai na yi wannan tambayar ba. Hukumar kare masu saye ta ƙasar, Profeco, tare da hukumar sadarwa ta IFT, sun fito cikin watan Oktoba na 2023 sun ce ku dakatar da kullewar nan take, kuka kuma dakatar. To, dakatarwa kuka yi. Makullin yana nan a aljihunku, kuma yanzu duniya ta san yana aiki.

Akwai kuma wani abu da nake so ku warware mini. Ku Samsung kun taso daga Koriya kun je Biyetnam da Indiya kun kafa masana'antu, saboda can ne aiki ya fi arha. Wannan sunansa dabarar kasuwanci, har lambar yabo ake ba ku. Amma idan talaka ya leƙa ƙetare ya nemi inda waya ta fi arha, sai ya zama mai karya doka da za a ladabtar. Neman sauƙi halal ne ga kamfani, haram ga mai saye?

Kada ku yi mamakin abin ya dame ni daga nesa haka. Ku shiga kasuwar Farm Centre a Kano, ko Computer Village a Ikeja, ku tambayi wayoyin da ke cikin gilashi ta ina suka biyo. Wata daga Dubai, wata daga Chaina, wata 'yar hannu ce daga Landan ko Amurka. Ranar da kuka tashi da irin fushin da kuka yi a Meziko, mai POS zai rufe rumfa, ɗan acaba zai rasa fasinjan da ke kiransa, uwa za ta kasa karɓar kuɗin cefanen da ɗanta ya turo.

Don haka ga buƙatata. Idan har wayar taku ce, ni ɗan haya ne kawai, to ku riƙa yin abin da mai gida yake yi. Gilashin ya tsage, ku aiko mai gyara. Batirin ya soma kumbura, ku canza. Kuɗin da nake ba mai shagon caji duk ranar da aka ɗauke wuta, ku faɗa mini inda zan kai rasit. Data ma ku ne za ku riƙa sayawa, tunda da ita kuke leƙowa ku ga ko na cancanci ci gaba da zama. Kuma ku rubuta a jikin kwali da manyan baƙaƙe cewa haya ce, don mai saye ya san abin da yake shiga tun kafin ya ƙirga kuɗi.

Idan kuwa duk wannan ya yi muku nauyi, kuma na san zai yi, to wayar tawa ce. Ku ƙi ba ta garanti idan kun ga dama, wannan haƙƙinku ne, ban ja da ku ba. Ku kai mai shigo da kaya ƙara idan kuna da hujja. Amma ku cire hannunku daga aljihuna.

A gaishe mini da wanda ya kawo shawarar rangwamen nan.

Naku,
Wani mai rasit a Kano