Likitocin Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Ranar da tsohuwar kwamfutar tebur, irin mai Pentium 4 ɗin nan da ake buga takardu da ita a shago, ta ƙi tashi, kafin hantsi ta tara likitoci, kuma ba wanda ya aika a kira su.

Mai Duka ke fara isowa. A wajensa kowace na'ura taurin kai ke damunta. Sai ya mari akwatin, ya danna maɓalli, ya sake mari. Abin haushi, wata rana yakan dace, in RAM ce ta ɗan goce daga raminta, kuma labarin wannan dacen zai yi ta bayarwa har jikoki.

Sai Mai Zargin NEPA. Tun 2005 aka sauya wa hukumar suna, amma a bakinsa har gobe ita ce mai laifi. Nuna masa fanka tana gudu, ya ce ai wutar fanka daban.

Mai Busa ya yarda ƙurar hunturu ce. Zai kwance murfi, ya cika kumatu ya busa, ƙurar shekara goma ta dawo masa a ido. Yana tari yana goge haƙoran RAM da abin goge fensir. In ya mayar da komai, dole a samu ragowar kusa biyu a tebur.

Wanda ya kamata a riƙe wa hannu shi ne Ɗan Karambani. Ya hango ɗan jan makunnin nan na baya mai 115 da 230. Na farkon don wutar Amurka aka yi shi, tamu kuwa 230 ce. Ya ce, "Bari mu gani." Sai fas, sai hayaƙi. Ya kakkaɓe hannu: "Dama ta kusa."

Akwai kuma Injiniya, wanda tun daga bakin ƙofa yake yanke hukunci: "Yallaɓai, madabod ce ta tafi." Kuma, ikon Allah, akwai wata a jakarsa.

Gwanin gaske ba ya da kwarjini. Daga bango yake farawa: soket, fis ɗin filogi, igiyar wuta, makunnin baya mai 0 da 1. Sannan ya cire babban filogin fawa saflai, ya haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan ƙarfe, ya ga ko fankarsa za ta juya. Ya leƙa ko akwai kafasitan da kansa ya kumbura. Sau da yawa bai kai can ba ya gano fis ne ya ƙone.

Nan ne mai kwamfuta ke nuna nasa halin. Mutumin da ya riga ya zura hannu aljihu zai biya kuɗin madabod ba ciniki, shi ne zai dubi gwani ya ce, "Haba malam, don wannan ɗan abin har sai na biya ka?"