Yadda Ake Sasanta Kwamfutocin da Suka Daina Gaisawa

Ka tara tsofaffin kwamfutoci takwas a shagon zaurenku na Yakasai, ka haɗa su da waya, ka ce ka kafa gungu irin na manyan jami'o'i. Babu laifi. A 1994 ma da Thomas Sterling da Donald Becker suka haɗa Beowulf a hukumar NASA, kwamfutocin kasuwa 16 suka jera. A shekarar ne kuma aka fitar da ƙa'idar MPI, wadda ta tsara yadda injuna za su riƙa aika wa juna saƙo suna aiki guda, kamar mabugan Ƙofar Mata da ke sauke mabugi kan shadda ɗaya, ba mai dukan hannun wani. Naka gungun dai tun la'asar ya yi gum.

Kafin ka zagi kowa, leƙa ka ga ko fitilar maƙwabta na ci. Sau da dama abin da kake kira matsalar sadarwa, batirin inbata ne ya ce ga garinku nan. In akwai wuta, cire murfi ka hure ƙurar hunturu, ka kori ƙadangaren da ya kama haya kusa da fanka.

Sai batun ganuwa. Kowace kwamfuta tana da katangar tsaro, kuma tana ɗaukar aikinta da gaske fiye da Sarkin Ƙofa a zamanin da ake rufe gari da almuru. Ka buɗe ƙofa mai lamba 22 don SSH, ka zauna kana murmushi. To Open MPI, wanda ke tafiyar da ƙa'idar MPI a injunanka, ba ta ƙofa ɗaya yake bi ba, duk wadda ya ga dama yake zaɓa: yau Na'isa, gobe Mazugal. Ko dai ka ƙayyade masa ƙofofin, ko ka bar 'yan gida su shiga wa juna ba shamaki. Ka kuma raba makullan SSH, don injin da ke tambayar kalmar sirri da tsakar dare ba mai amsa masa.

Yanzu ga babbar cutar, wato gaba. Injuna biyu kowanne ya kira MPI_Recv, ya harɗe, yana jiran ɗayan ya fara magana. Ka san dattijai biyu da suka haɗu a lungun Kurmi, kowanne yana ganin shi ya girmi ɗan'uwansa, don haka shi za a fara gaisarwa? Su akwai azahar da za ta raba su. Injuna kuwa ba sa salla, za su kwana a haka, fanka na juyawa, man janareta na ƙonewa, allo bai nuna ko da kuskure ɗaya ba. Akwai kuma ƙanwar wannan cuta, wadda ta fi ta makirci: dukkansu su kira MPI_Send lokaci guda. In saƙon ƙarami ne sai ya zurara ta ƙasan ƙyaure, ka ɗauka kai gwani ne. Ranar da malaminka ya zo gani, ka ƙara girman bayanai, sai kowanne ya tsaya da kaya a ka yana jiran a sauke shi. Magani shi ne ka raba girma da kanka: masu lambar cika su fara aikawa, masu mara su fara karɓa. In kana gudun a ce ka yi son kai, MPI_Sendrecv na nan, shi ne dillalin da ke karɓa da dama yana miƙawa da hagu.

In kuwa ka kunna aiki sai injuna takwas kowanne ya ce shi ne lamba 0, kuma shi kaɗai ne a duniya, to ka yi masu unguwa takwas a unguwa ɗaya. Laifinka ne. Ka harhaɗa shirin da mpicc na MPICH, ka tashe shi da mpirun na Open MPI. Duk MPI ne, amma ba gida ɗaya suka fito ba. Tambayi kowane inji wane mpirun yake gani, ka shirya jin kunya.

Nan muka zo kan sabuntawa. In kana son tashin hankali, sabunta manhajar a inji ɗaya kawai, daren da za ka miƙa kundin digiri. Ni na gwada, na ga asubar fari ido biyu. Open MPI 5 da ya fito a 2023 ya ajiye tsohon mai tashin aikinsa, ORTE, ya ɗauko PRRTE, shi ya sa wasu umarnin da ka haddace za su dube ka kamar baƙo. Saka sabon a jakarsa daban, kada ka kori uwargida don amarya ta tare. Ka yi wa duka takwas ɗin iri ɗaya, ka gyara PATH, ka sake harhaɗa shirinka tun daga tushe, sannan ka gwada da injuna biyu kafin ka gayyato sauran.

In Baba ya leƙo ya ce, "Wai kai wannan gurnanin na mene ne?" ka rusuna ka ce, "Baba, sulhu nake yi." Zai ce Allah ya daidaita, sannan ya tambaye ka wa zai biya kuɗin fetur.