Wasiƙar Ƙorafi Zuwa ga Hukumar Black Mesa

Zuwa ga Shugabannin Cibiyar Bincike ta Black Mesa,
Jihar New Mexico, Amurka.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da jajen abin da ya faru. Na san akwatin wasiƙunku ya tafi tare da sauran ginin tun ranar da bam ɗin nukiliya ya tashi, amma ƙorafi ba ya ruɓewa, don haka duk wanda ya rage a cikinku ya karanta wa saura.

Ni tsohon ma'aikacinku ne ta fuskoki dabam-dabam. A 1998 kamfanin Valve ya sa mini rigar Dakta Gordon Freeman a wasan Half-Life. A 1999 kamfanin Gearbox ya yi wa wasan ƙari mai suna Opposing Force, na koma Kofur Adrian Shephard. A 2001 Gearbox ɗin ya sake fito da Blue Shift, aka ba ni hular kwano da tocila aka ce ni ne Barney Calhoun, mai gadi. Haɗarin ɗaya ne, ginin ɗaya ne, kuma a kowanne ta idon mutumin ake kallon duniya, ba a ganin komai nasa sai hannu da abin da ya riƙe. Saboda haka ina da bakin magana kan yadda kuke riƙe ma'aikata.

Mu fara da Dakta. Saurayi ɗan shekara 27, da digirin digirgir daga jami'ar MIT, kun ɗauke shi aiki, kun zura masa rigar kariya mai ruwan lemo, sannan aikin da kuka ba shi a ranar shi ne ya tura keken ƙarfe ɗauke da wani dutse zuwa cikin hasken na'ura. Aikin da ɗan baro a kasuwa zai gama muku kafin ku ƙifta ido, ba tare da ya tsufa a jami'a ba. Ya tura, na'ura ta haukace, ƙofar wata duniya mai suna Xen ta buɗe, halittunta suka riƙa faɗowa cikin ofisoshinku.

Amma dole in yaba. A lokacin da sauran wasannin harbi ke miƙa maka bindiga tun kafin ka zauna, Half-Life ya sa ni a ƙaramin jirgin ƙasan ma'aikata na kusan minti biyar, ba abin da nake yi sai leƙen taga, wata murya tana karanta mini dokokin tsaro. Na makara aiki, na gaisa da masu gadi, na shiga ɗakin shan shayi na fasa abincin wani bawan Allah a na'urar ɗumama abinci. Ba a taɓa dakatar da wasa an haska mini fim don a ba ni labari ba. Abin da idona ya gani shi ne labarin. Kuma makamina na farko sandar ƙarfe ce ta ɓalle ƙusa.

Wannan rashin sanin shi ne daɗin wasan. Ba wanda ya gaya wa Freeman me ya kawo sojoji. Sai dai ya ga wani tsohon masani da farar riga ya ruga wajen soja yana murna ceto ya zo, sojan ya ɗirka masa harsashi. Shi ke nan bayanin. Sojojin kuma ba irin na wasannin da ba ne masu tsayawa a harbe su: suna ɓuya, suna zagayowa ta baya, in ka laɓe su jefo maka gurneti. Ga kuma ramin gwajin roka, inda wasu dogayen hannuwa kore masu baki kamar lauje suka cika wurin. Ba su gani, amma suna ji. Ka taka ƙarfe da ƙarfi, sai ka ji sara a ka. Dole ka durƙusa ka rarrafa, ko ka jefa gurneti can nesa su bi ƙarar, ka je ka kunna mai da iska da lantarki, ka dawo ka tayar da injin rokar ya ƙone su. Harsashi bai kashe wannan dabbar ba, haƙuri ya kashe ta. Inda wasan ya yi tuntuɓe ɗaya ne, Xen ɗin kansa, da aka mai da masanin kimiyya ɗan tsalle-tsalle a kan duwatsu masu shawagi. A ƙarshe wani mutum mai kwat da jakar hannu, wanda ake kira G-Man, ya ba shi zaɓi: ya karɓi aiki ko ya mutu. Sallamar Dakta ke nan.

Sai Kofur. A nan ƙorafina ya fi tsawo, don alkawari aka yi mini ba a cika ba. Sunan wasan ya nuna zan shiga sahun waɗanda suka harbe tsohon nan, in ji yadda abin yake daga ɗaya ɓangaren. Har horo aka ba ni a bariki, saje yana ta yi mini tsawa a ka. Amma kafin a karanta wa Shephard umarnin da aka zo da shi, aka kakkaɓo jirginsu, ya suma, ya farka a hannun masanan da ya kamata ya kashe suna yi masa magani. Gearbox ya wanke masa hannu tas tun kafin ya taɓa datti. Don kada a rasa ɗan Adam abin harbi, aka sa masu baƙaƙen kaya da Freeman ya ɗan haɗu da su suka zama manyan abokan gaba, suna kashe kowa har da sojojin. Freeman kuwa, hango shi na yi yana tsalle cikin ƙofar Xen. In ka bi bayansa, wasan ya tsaya ya zarge ka da rikita lokaci.

Ban ce ba daɗi ba. Wajen kayan aiki, ƙarin ya fi uwar. An ba ni sufanar famfo a madadin sandar Dakta, da wuƙa, da bindiga mai jigida, da ta harbin nesa, da tabarau mai gani a duhu. An haɗa ni da abokan aiki: ɗaya yana ɗaure rauni, ɗaya mai walda yana yanka ƙofar da ta ƙi buɗuwa. Ga igiya ana hawa. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne halittar nan da ke manne a rufi ta sako dogon harshe, ka taɓa ta jawo ka sama ta cinye. A Half-Life ita ta koya mini ɗaga kai kafin in shiga ɗaki. A Opposing Force ɓamɓaro ta aka yi aka ɗora mini a hannu, ina harba harshenta ina lilo daga bango zuwa bango. Wayo ne, na yarda. Sai dai ranar da abin tsoro ya koma kayan aiki, tsoron ya yi sallama. Sababbin dodannin da aka kawo, Race X, ba wanda ya san asalinsu, kuma Valve bai sake waiwayarsu ba.

Ladan Kofur fa? Ya kusa shiga jirgin da ke kwashe sojoji, G-Man ya rufe masa ƙofa yana kallo. Ya wahala ya kashe bam ɗin nukiliya, mutumin nan ya zo ya sake kunnawa. Ya kashe babban dodon ƙarshe, aka ɗauke shi aka ajiye a cikin jirgi a wani duhu marar ƙasa marar sama, wai ana jiran a sake duba lamarinsa.

Na mai gadi gajere ne, kamar albashinsa. An shirya Blue Shift ne don ya raka Half-Life zuwa na'urar Dreamcast, kamfanin Sierra ya soke wancan, aka sayar da shi shi kaɗai a kwamfuta. Ba sabon makami, ba sabon dodo, ba babban faɗan ƙarshe, a zama ɗaya na yamma ana gama shi. Babbar tsarabarsa ita ce sababbin zane da suka gyara fuskokin mutane da bindigogi. Masu cewa kuɗinsu bai biya ba suna da hujja.

Duk da haka ni shi nake karewa. Kun tuna mai gadin da Freeman ya wuce a jirgi yana buga wata ƙofa ta ƙi buɗuwa? A Blue Shift ni ne shi, ina bugu, Dakta ya wuce ko ɗaga hannu babu. Aikin farko da aka ba ni gyaran lif ne, masana biyu suna tsaye suna yi mini tsaki. Ba ni da rigar da ake cajinta a bango. In sulkena ya lalace, sai dai in tsinci na abokin aikin da ya riga mu gidan gaskiya. Ba wanda ya ce in ceci duniya. Na nemo Dakta Rosenberg a kulle cikin taragon kaya, na leƙa Xen na gyara abin da ya ce in gyara, na cajo batir, muka tayar da tsohuwar na'urar da kuka watsar, muka fice muka shiga mota. Cikin mu ukun, mai gadi kaɗai ya bar wurin nan da ƙafarsa, har da fasinja. Akwai kuma wani ƙarin mai suna Decay na na'urar PlayStation 2, inda Dakta Gina Cross da Dakta Colette Green suka yi nasu wahalar, amma wannan su za su rubuto da kansu.

Abin da nake nema kaɗan ne. A gaya mini wanda ya ba mai kwat ɗin nan katin shiga, tunda ni da nake gadi ƙofa ta ƙi ni, shi kuwa ba inda ba ya shiga. Sannan a duba maganar Shephard. A 2004 an saki Freeman a Half-Life 2, Calhoun ma ya bayyana a can yana maganar giyar da ya yi alkawarin saya masa. Shi kuwa Shephard yaro ne ɗan shekara 22, bai ma san abin da aka aiko shi yi ba, kuma tun 1999 yake zaune a kujerar jirgi. In ba za a sake shi ba, a ƙalla a ƙara masa igiya, ya zama saje.

Naku,
Wani tsohon ma'aikaci.