Maɓalli Ya Yi Tsatsa, Unguwa Ta Kafa Kwamiti

Duk mai son sanin yawan injiniyoyin unguwarsu, ya bari wani inji ya ƙi tashi a ƙofar gida bayan la'asar. Kafin mai abin ya gama salati, mai shayi ya bar tukunya a kan wuta, tela ya fito da tef a wuya, mai wankin hula ya iso hannu duk kumfa, kowa da sakamakon bincikensa a baki. Har lokacin ba wanda ya taɓa injin.

Abin da ya jawo zancen shi ne babur mai ƙafa huɗu na wani Alhaji a layinmu, irin mai ƙatta-ƙattan tayoyin nan da aka ƙera don yashi da taɓo. Honda ne, FourTrax 300, samfurin da kamfanin ya yi ta fitarwa daga 1988 zuwa 2000. Wato ko autansu ya isa aure. Manoman Amurka sun ci moriyar irinsa wajen zagaya shanu da jan kaya, da ya tsufa aka loda shi a jirgin ruwa, ya zo cin fansho a wurinmu. Alhaji ya ce don gona ya saya. Gonar dai har yau ba ta san launinsa ba, amma duk ranar sallah yaran unguwa suna shan kallo.

Ranar da abin ya faru, Alhaji ya hau, ya naɗe hannun babbar riga, ya murɗa makulli, ya danna maɓallin tayarwa. Tsit. Ya sake dannawa da ƙarfi, domin mu nan mun yi imani cewa na'ura tana tsoron babban yatsa. Tsit.

Shi wannan maɓalli ba shi ke juya inji ba, ɗan aike ne. Wuta 'yar kaɗan ke bi ta cikinsa zuwa wani ɗan dunƙule kusa da batir, wanda masu wayarin ke kira solinoyid. Shi ne ke haɗa manyan wayoyi biyu, wuta mai ƙarfi ta taso daga batir mai bolt 12 ta shiga sitata, sitata ta juya inji. Don haka kunne ma ya isa ya yi rabin bincike. In ka danna ka ji "ƙas", saƙo ya isa, sai a tuhumi batir da kawunansa, ko solinoyid, ko sitata. In ko fitila ba ta kamawa, a duba batir da fiyus. In kuwa fitila tar take amma babu ko "ƙas", to mai yiwuwa saƙon ne bai fita ba. A ga ko fitilar firi ta kama, tunda an tsara shi ya ƙi tashi a cikin giya, sannan a kwance maɓallin. Ba komai a cikinsa sai ɗan sifirin da 'yan tagulla da ke haɗuwa in an danna. Ƙurar hunturu ta shiga, ruwan masu wanki ya bi ta, shekaru su yi nasu aiki, tagulla ta yi kore. Shi ke nan fa.

Amma kwamitin unguwa ba ya aiki da kunne, baki yake amfani da shi.

"Alhaji, batir ne," in ji mai shayi, alhali fitila na haska masa ido.

Tela ya ce fulogi ne. Ba ruwan fulogi da injin da bai ko juya ba, amma tela yana da babur tun zamanin soja, wa ya isa ya musa masa? Wani tsohon direba ya shinshina tanki ya ce man yanzu duk gauraye ne, a wanke kafireto. Wani ya ɗora wa gwamnati, aka ce haka ne. Can wani dattijo ya matso, ya rage murya: "Alhaji, wannan ba aikin kanikawa ba ne. Baki ne. Ka ga yadda ake kallonka ranar sallah?" Wannan bayani ya fi kowane shiga ran Alhaji, don akwai girmamawa a cikinsa.

A nan ne gizo ke saƙa. Ba wanda ya ambaci maɓalli, domin ambatonsa raini ne. Ta yaya za a ce babban mutum, da babban abin hawa, abin da ya tsayar da shi bai fi ƙwayar gyaɗa ba? A wurinmu matsala daidai darajar mai ita ake yanka ta. Mai keke sarƙa ce ke zame masa. Alhaji kuwa dole sai dai injinsa ya buga, ko mahassada su sa shi a gaba. Mai ba da shawara ma yana kare nasa mutuncin: wanda ya ce a sauke inji shi ake yi wa kallon masani, wanda ya ce a goge datti kuwa sai a ce bai san darajar mutane ba.

Aka sayo sabon batir. Tsit. Aka kira bakanike.

Ya iso da yaronsa a baya riƙe da jakar sifanu. Ya zagaya babur sau biyu, ya girgiza kai, ya yi tsaki, sannan ya yi tambayar da kowane bakanike ke buɗe aiki da ita: "Alhaji, wa ya taɓa maka wannan wayarin?" Shi ne ya taɓa, bara waccan. Ba wanda ya tuna masa.

Yaron ya ce a hankali, "Oga, ko a duba maɓallin?"

"Kai, je ka sayo mana ruwa."

Oga ya zaro sukundireba, ya gitta ta a kan kusoshi biyu na solinoyid. Tartsatsi ya tashi, inji ya yi gurnani, jama'a suka ɗauki kabbara. A gaskiya gwaji ne mai kyau, ya nuna batir da sitata lafiyarsu ƙalau, ciwon yana wani wuri kafin su. Amma tunda an riga an yi kabbara, gwaji ya zama gyara. "Alhaji, a yi maneji da wannan kafin in samo maka orijina. In babu a Ƙofar Ruwa, zan sa a duba Panteka." Ya ɗaure sukundirebar da igiya a jikin kariya, ya karɓi kuɗin aiki.

Daga ranar, tayar da babur ya zama biki. Alhaji ya sauko, ya tattare riga, ya duƙa, ya kau da fuska, ya tsokano tartsatsi a jikin abin da ke ɗauke da fetur. Ba wanda ya gaya masa cewa wannan hanya ta tsallake kariyar firi, in babur yana cikin giya zai iya zabura ya bar mai shi a duƙe.

Kada mu yi wa Alhaji dariya da yawa, kowa ya leƙa gidansa. Akwai fankar da sai an tura ta da sanda take juyawa. Akwai soket da aka cusa wa tsirarar waya aka tokare da ashana. Akwai tasin da fasinja ke zura hannu ta taga ya buɗe ƙofa ta waje, direba kuma ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari ya haɗa waya biyu. Dukansu an ce na wucin gadi ne, wasu har an ci gadonsu. Abin ma har alfahari muke da shi: "Ai ni kaɗai na san kanta, ko ɓarawo ya ɗauka sai ya dawo da ita."

Bayan makonni, aka aiko yaron garejin ya yi juyen baƙin mai. Da ya ga ba kowa, ya kwance kusoshin gidan maɓalli, ya tare sifirin kada ya yi tsalle, ya goge tagullar da guntun sanfefa har ta yi haske, ya hure ƙura, ya mayar. Ya danna sau ɗaya, inji ya tashi.

Mai shayi ya ce sabon batir ne sai yanzu ya zauna. Dattijo ya ce addu'a ce ta ci. Oga ya ce dama shi ya koya wa yaron, sannan ya ja masa kunne kan taɓa abin da ba a sa shi ba. Alhaji kuwa kamar bai ji daɗi ba, don labarin ya yi masa ƙanƙanta. A majalisa cewa ya yi sai da aka yi odar kaya daga Legas. Sukundirebar ma bai kwance ba, wai ko da za a buƙata.

Mai karatu, in naka ya ƙi tashi, ka fara da saurare, ka duba firi da fiyus, ka kwance maɓalli ka goge. Amma don Allah ka tura shi cikin gida ka rufe ƙofa tukuna, kafin mai shayi ya hango ka.