Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hajiya Caja mai maɓalli huɗu

Ranki ya daɗe,

Da fatan kin wuni lafiya a cikin kwalinki, kuma fankarki ta huce. Dalilin rubuto miki wannan takarda shi ne, shekara biyu ke nan muna zaune gida ɗaya, kullum ke ce mai tambaya ni ne mai amsawa. Yau ina roƙon a ba ni dama ni ma in ce wani abu.

Ki tuna yadda aka yi kika shigo gidan nan. Ɗan jirgin sama mai rimot na saya, na kumfa, fiffikensa bai fi kamu biyar ba, don in riƙa zuwa fili ranar Asabar in huta da hayaniyar duniya. Mai shago ya ce batirin jirgin ba ya cin cajar waya, sai ke. Ya yi ta koɗa ki kamar mai neman aurar da 'ya: wai kina cajin LiPo, da LiFe, da NiMH, da NiCd, har da batirin dalmar nan irin na babur, kina cikawa, kina ragewa, kina daidaitawa. Na biya ina murna, a zatona in na soka waya shi ke nan sai in tafi sha'anina. Ashe ofis na sayo, da sakatariya a ciki.

Kafin ki saki ko ɗigon wuta sai na cike takarda. Wane irin batir ne? LiPo. Ɗaki nawa ne a cikinsa? Uku. Amfiya nawa za a ba shi? In tsaya in yi lissafi: cikinsa 2200mAh ne, ƙa'ida kuma a ba shi abin da zai cika shi cikin kamar awa guda, watau amfiya 2.2. Na soka babbar waya, na soka ƙaramar nan mai farin kai da siraran wayoyi huɗu, na danne maɓallin ƙarshe har sai kin yi ƙara. Duk da haka ba ki gamsu ba. Sai kin ƙirga ɗakunan da kanki, ki rubuta naki lissafin a sama, nawa a ƙasa, ki ce in sake dannawa in na tabbata. Ko alƙali ba ya rantsar da mai shaida sau biyu. Kuma duk wannan da maɓalli huɗu kacal, wanda in hannuna ya zarce da ɗaya sai na sake zagaye gari kafin in dawo inda nake.

Amma zan faɗi gaskiya ko da a kaina ne: a wajen rabo, ban ga mai adalcinki ba. Batirin nan ɗaki uku ne a gida ɗaya, kowane da halinsa, kamar kishiyoyi. Kowane ɗaki haƙƙinsa bolt 4.2, ba ƙari ba ragi, jimla 12.6. Cajar banza jimlar kawai take dubawa. In ta ga 12.6 ta ce kowa ya ƙoshi, alhali uwargida ta sha 4.3 tana neman fashewa, amarya tana 4.1 da yunwa. Ke kuwa ta waccan ƙaramar waya kike leƙa kowane ɗaki. Wanda ya yi gaba ki riƙa tsiyaye masa kaɗan kaɗan, ki mai da rarar zafi, har na baya su kamo shi. Na san magidanta da za su amfana in suka zauna gabanki awa guda suna kallo. Sai dai adalcin naki jan ƙafa gare shi. Kashi tamanin na farko kina zuba shi da hanzari, da kin kai 4.2 kuma sai ki koma ɗigo ɗigo, amfiya tana sauka, 0.8, 0.4, 0.2, ni kuma ga rana tana sauka, iskar yamma mai daɗin tashi tana wucewa.

Sakamakon wannan zaman gadi na awa guda da 'yan kai? Minti shida a sama. Bakwai in na tausaya wa maƙura. Wanda ya ci zomo ya ci gudu, na sani, amma ni gudun nake ci, zomon sai dai ƙamshi.

Yanzu ga babban ƙorafina, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar da nake da gaskiya kina tsare ni da tambaya. Ranar da na yi kuskure kuwa, ko uffan ba ki ce ba. Kin tuna daren da na yi cajin batirin rimot, mai NiMH, na cire shi, na soka na jirgi ban sauya shiri ba? Kika karɓa salin alin, ba ƙirga ɗaki, ba rantsuwa. Daga baya na gane dalili. Shi NiMH in ya ƙoshi ƙarfinsa yakan ɗan ja baya, wannan alamar kike jira ki tsaya. LiPo kuwa bai san kunya ba, ba ya cewa ya ƙoshi; ana ba shi yana karɓa, ya wuce 4.2, ya ci gaba da hawa. Ke kina jiran alamar da ba za ta zo ba, ni ina falo ina kallon ƙwallo. Allah ya taimake ni 'yar autata ta shigo ta ce, "Baba, batirinka ya zama fanke." Na tarar da shi ya kumbura, da ɗumi kamar an sauke shi daga kasko. Na zare waya hannuna yana rawa, na kai shi tsakar gida na binne cikin yashi, na zauna nesa ina salati. Ke kuwa fuskarki shuɗiya shar, kina ta ƙirga mintoci kamar ba abin da ya faru.

Na san abin da za ki ce: ni na gaya miki NiMH ne, ke kuma ba boka ba ce. To, haka ne. Amma mai iya ƙirga ɗaki uku ba a gaya mata ba, ai ba ta rasa hanyar yin gyaran murya.

Tun daga ranar uwargida ta kafa doka. An kore mu ni da ke daga falo. Yanzu mazauninmu tsakar gida, kan siminti, nesa da labule da katifa da galan ɗin fetur na janareto. Batir yana cikin tsohuwar tukunyar ƙasa, bokitin yashi a gefe, ni kuma a kan kujera 'yar tsugunno, ba izinin tashi sai kin yi kiɗanki na gamawa. Maƙwabci ya leƙo wata rana ya ga mutum da furfura yana gadin tukunya da waya a ciki, ya koma bai yi sallama ba. Har yau gaisuwarmu ba ta koma daidai ba.

Sai maganar ajiya. Kin koya mini, bayan na yi asarar batir biyu, cewa LiPo ba ya son a ajiye shi a ƙoshe, ba ya son a ajiye shi da yunwa. In ya faɗi ƙasa da bolt 3 a ɗaki ya nakasa. In ya kwana biyu cike maƙil, musamman a zafin Afrilu na Kano, ya fara kumburi. Wurin zamansa 3.8 ko sama da haka kaɗan. Madalla. Amma ranar da na cika batir uku hadari ya taso ban je fili ba, na kawo miki su ki rage, sai na gane ƙarfinki na ci ne, ba na amai ba: wat 50 wajen cikawa, wat 5 wajen ragewa. Batir ɗaya ya cinye mini daga la'asar har bayan isha'i. Da na ɗaure jirgin a turmi na kunna farfela, da minti uku ta ishe ni.

Wat 50 ɗin ma akwai magana. An rubuta a goshinki kina ba da amfiya 5. Abokina ya kawo babban batirinsa mai ɗaki shida, 5000mAh, muka sa 5, kika ba da 2 kika yi shiru. Da muka buga lissafi, bolt 25 sau amfiya 2, ga hamsin ɗin nan cif. Ba ki yi ƙarya ba, kin dai yi irin ta dillalai, kin faɗi rabin da ke da daɗin ji. Kafin ya cika kuma agogon tsaronki na minti 120 ya buga, kika ajiye aiki kamar ma'aikacin da lokacin tashinsa ya yi.

Ba zan ɗora miki laifin ɗauke wuta ba, wannan ya fi ƙarfinki. Na ma gode da kike karɓar bolt 11 zuwa 18, har nake iya jona ki da batirin mota a fili. Sai dai da kin gaya mini tun farko cewa ba ruwanki da yadda zan koma gida. Kin cika batir huɗu, jirgi ya sha iska, magariba ta yi, na murɗa makulli mota ta ce ƙyas. Yaran da suka zo kallon jirgi su suka tura ni har bakin titi, suna tambaya ko ita ma rimot ɗinta ne ya mutu.

Buƙatuna ba su da yawa. Ki riƙa tambaya ranar da ya kamata. Ki rage kukan nan naki na tsakar dare, mai kama da na motar da ke ja da baya. In kuma da hali, ki koyi Hausa ko kalma biyu ce, domin in waya ta zame kika watso mini manyan baƙaƙen Turanci kina ihu, ni da ke duka ruɗewa muke yi.

Zan tsaya nan, don na ga ɗaki na biyu ya kai 4.19, sauran suna 4.20, kuma an ce gobe da safe ba iska sosai. Ki gaishe da 'yan uwanki na jabu da suka cika kasuwa. Mai shago ya rantse ke ta asali ce, ni ma ban matsa da bincike ba, don kada zumunci ya ɓaci.

Naki mai biyayya,
Maigadin tukunya, daga kan kujera 'yar tsugunno