Ɗan Gwaggo, Ina Takunkuminka?

Zuwa ga Ɗan Gwaggo, bawana na gado, sarkin musu na Droum da kewaye.

Ina gaishe ka daga nesa. Likitoci sun ce a bar mita ɗaya tsakani, ni kuwa da na san halinka na ƙara biyu daga aljihuna.

Labari ya iske ni a Damagaram cewa tun shigowar hunturun nan kake tari kamar tsohuwar motar kasuwa a kan tudu, mako biyu ke nan, amma ko dare ɗaya ba ka fasa zuwa fada ba. Kofin shayi guda ne, kai ka kurɓa, na kusa da kai ya kurɓa, har ya zagayo. Gwaggo ta yi magana, ka ce mata ƙura ce. Tun da uwa ta faɗa ba ka ji ba, bari ubangida ya faɗa, kuma a bainar jama'a.

Ka tuna 2020? Ranar 19 ga Maris aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a Yamai. Shugaba Mahamadou Issoufou ya rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, ya rufe iyakoki, aka sallami 'yan lakwal. Kai kuwa kana gindin dogon yaro, ƙafa ɗaya kan ɗaya, kana yanke hukunci: "Cutar masu hawa jirgi ce. Mu da ko amalanke sai mun ara, ina za ta gan mu?" Da aka matsa maka sai ka ce ko ta zo, ranar Damagaram za ta soya ta kafin azahar.

Zan yi maka adalci a wuri ɗaya, ko da yake bawa ba ya cin shari'a a gaban ubangidansa. Rufe masallatai ya yi wa kowa ciwo, har da ni. Mutane sun tambaya, ta yaya kasuwa ke ci amma a hana sahu? A Mirya, hedikwatarmu, har tarzoma aka yi a ƙarshen watan Maris. Azumi ya kama cikin wannan hali, sai ranar 13 ga Mayu aka sake buɗe masallatai. To amma kwana goma kafin nan, ranar 3 ga Mayu, cutar ta ɗauke Mohamed Ben Omar, ministan ƙwadago, ɗan jiharmu. Allah ya ji ƙansa. Ko ta'aziyya ba a gama ba ka ce, "Ban faɗa ba? Manya take ɗauka." Sai ga labarin Kano, inda samarinmu ke zuwa cin rani. A watan Afrilu masu haƙa kabari suka rasa hutu, mutum kusan dubu suka tafi cikin 'yan makonni, daga baya ministan lafiya na Najeriya ya ce rabi ko fiye da haka na da alaƙa da korona. Yawancinsu dattawa ne na cikin unguwa. Ranar da muka ji wannan a rediyo ka yi shiru na tsawon dahuwar shayi ɗaya, kuma a tarihinka wannan shi ne shiru mafi tsawo.

Sai na sayo maka takunkumi a Kasuwar Dole, na atamfa, ɗinkin tela, da kuɗina. Ka juya shi, ka shinshina, ka ce, "Takunkumi ai na jaki da raƙumi ne." Na ce shi ya sa ban yi wahalar neman girman da zai dace da kai ba.

Yadda ka yi da ƙyallen nan kuwa, ya kamata a rubuta don 'yan baya. Kwanan farko ka rataye shi a haɓa kamar gemun aro. Kwana na biyu ka ɗaga shi ya rufe baki, hanci na waje yana shan iska, kai ka ce wanda ya kulle ɗaki ya bar taga a wangale. Idan atishawa ta taso sai ka yi maza ka janye shi, ka fesa wa jama'a, sannan ka mayar, wai don kada ka ɓata sabon abu. Kwana arba'in bai ga sabulu ba, goro ya rina cikinsa ja wur. Sau ɗaya tak na ga ka sa shi daidai, daga karan hanci har ƙarƙashin haɓa, ka kuma ja hula: ranar da muka bi ta ƙofar mai shagon da ke binka kuɗin sukari. Ranar nan har tazarar mita goma ka ba da, ba tare da likita ya roƙe ka ba.

Maganar tazara kuma, na tuna tafiyarmu daga Droum zuwa birni a motar kasuwa. Mu biyar a layin mutum huɗu, buhun gero a ƙarƙashin ƙafa, akuya a bayan kujera. Na ce a buɗe taga, ka ce iska za ta ɗauke maka hula. Ka kama hannun wani dattijo kana gaisuwa, ina gida, ina iyali, ina gajiya, ina ƙura, ba ka sake shi ba sai da muka shigo gari, fuskarka a fuskarsa. Ita akuyar ma ta fi ka kiyayewa, don ta juya kanta waje.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne cewar da kake yi rufe baki al'adar Nasara ce. Je ka Birni ranar sallah, ka tsaya ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ka dubi rawunan manya. Mene ne amawali in ba rufe baki ba? Buzayen da ke saukowa da gishiri da dabino, sau nawa ka ga haƙoransu? A ƙasar nan rufe baki alamar girma ce tun kafin Faransa ta san hanyar nan. Sarki Tanimu ma da ya kewaye birni da ganuwa, tazara ya saka tsakaninsa da abin da zai cuce shi. Kakanninmu sun gina katanga, kai ƙyalle mai faɗin tafin hannu ya gagare ka. Ko da yake ba laifinka ba ne, sarauta ta ɓangaren uba take bi, kai kuwa ɗan mace ne.

In kuma ta fuskar addini kake so, tambayi liman labarin Sayyidina Umar, yadda ya kama hanyar Sham, ya ji annoba ta sauka can, ya juya da mutanensa. Ko za ka ce ka fi shi tawakkali?

Bari in karanta maka yadda abin yake, a hankali, don na san lakwal ba ta daɗe da kai ba. Duk sanda ka yi tari, ko atishawa, ko ka ɗaga murya kana musu, ƙananan ɗigon yawu na fita daga bakinka da hancinka. Manyan su faɗi nan kusa, ƙananan su yi ta yawo a iska, musamman a ɗaki rufaffe ko mota. Cutar na cikinsu. Mutum kan ɗauke ta kwanaki yana rabawa alhali shi garau yake ji. Babban aikin takunkumi shi ne tare naka kada ya isa ga wani, shi ya sa mai tari ya fi kowa cancantar sa shi. Sai ya rufe hanci da baki tare, na ƙyalle kuma a wanke shi da sabulu kullum, a shanya a rana. Zaman waje ya fi na ɗaki, taga a buɗe ta fi a rufe, hannu kuma sabulu yake so, ba tsomawa cikin ƙwarya ɗaya da mutum goma ba.

Na san amsarka: "Ai korona ta wuce." Gaskiya ne, Allah ya sauƙaƙa mana. Waɗanda aka ƙidaya sun kamu a Nijar duka ba su kai dubu goma ba, mamata ɗari uku da 'yan kai, kuma a watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci. Amma kada ka ɗauka musunka ne ya kore ta. Ƙasarmu ta yara ce, kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba, ita kuwa tsofaffi ta fi kayarwa. Kuma ƙofar da ta bi tana nan a buɗe. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023, sanƙarau ya kama mutum 559 a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Cikin 2023 ɗin mashaƙo ya addabi yara a Matamai, nan maƙwabtanmu. Dukansu ta numfashi da yawu suke bi, kamar ƙyanda da tarin fuka. Waɗannan ba su taɓa tambayar wanda ya hau jirgi ba.

Saboda haka ga umarnin ubangida. Gobe da safe ka tafi gidan likita a gwada wannan tarin, don duk tarin da ya kai mako biyu ya wuce a kira shi ƙura, in kuwa tarin fuka ne maganinsa kyauta ake ba da shi. Kada ka haye rumbu kamar ranar da masu allurar rigakafi suka zo. Kafin sakamako ya fito, ka sa takunkumi a mota da kasuwa, ka riƙe kofinka kai kaɗai a fada, gaisuwa kuma hannu a ƙirji ta wadatar. Idan za ka gaida Gwaggo, ku zauna a tsakar gida. Kai bawa ne, in ka kwanta zan nemi wani, amma ita ƙanwar ubana ce, ba ni da kamarta.

Watan cika-ciki in ka zo karɓar kuɗin shara, na riga na tanada: sabulu sanda ɗaya da takunkumi biyu. Ka zo da wankakken hannu, ka tsaya daga bakin zaure.

Naka ubangida, Ɗan Kawu.